Faifan da Gimba Ya Rufe wa Suna

Ranar Lahadin farko ta kowane wata, wajen ƙarfe ɗaya na rana, Malam Gimba yakan hau matakalar wani tsohon zauren ma'aikata a unguwar Levenshulme ta Manchester da akwatin faya-fayansa a hannu, yana tsayawa a tsakiyar hawa don gwiwarsa ta huta. A sama zai tarar amininsa Davou ya riga shi, ya tura kujeru jikin bango, yana barbaɗa hodar jarirai a daɓen katako don ƙafar masu rawa ta riƙa sulɓi. Ƙarfe biyu ake buɗe ƙofa, takwas a tashi. Shekara goma sha tara suka yi a haka, ba su taɓa fashi ba sai lokacin annobar da ta rufe ko'ina.

Gimba ɗan Kaduna ne. Wata masaƙa ce ta turo shi Manchester a 1978 ya koyo aikin rini. Da ya gama ya ce zai ƙara shekara ɗaya, shekarar nan ɗaya ita ce har yau ba ta ƙare ba. Ya tuƙa bas har ya yi ritaya, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya mai suna Zuhra, ya binne matarsa a nan. Davou kuwa mutumin Jos ne, mai haɗa magunguna. A wurin rawa suka haɗu suna samari, zamanin da 'ya'yan leburorin arewacin Ingila suka haukace a kan waƙoƙin baƙaƙen Amurka na shekarun sittin, kiɗan da ake kira soul. Kuma ba wanda ya yi suna suke so ba, sai wanda aka buga kaɗan, ya ƙi kasuwa, aka jibge a sito aka manta da shi. Shi suke tonowa su yi ta juyi kamar ƙafafun ba nasu ba. Gimba bai taɓa ɗanɗana giya ba, bai kuma taɓa jin ya zama bare saboda haka ba, don rawa ce ta tara mutanen. Da shi da Davou suka girma, suka daina iya kwana a tsaye, sai suka buɗe nasu taron na rana. Idan la'asar ta yi, Davou zai matso ya ce, "Je ka, Malam, na riƙe maka." Gimba ya shiga ɗakin ajiye kujeru ya shimfiɗa dardumarsa, ganga tana dukan bango ta ɗaya gefen.

A cikin wannan harka, darajar mai saka faifai ita ce ya riƙe abin da babu mai irinsa. Shi ya sa in mutum ya yi dace da wata waƙa, sai ya liƙa farar takarda a kan tambarin faifan, ya rubuta sunan ƙarya, don kada wasu su je su nemo. Kowa ya san ana yi, babu mai kiransa yaudara. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ba a rubuta ba amma kowa ya haddace: ko mene ne a ƙarƙashin takardar, ya zama na Amurka ne na asali.

Gimba yana da irin wannan faifan guda ɗaya. A kan takardar ya rubuta da biro, Clyde Benning, Detroit. Waƙar ba ta kai minti uku ba. Ganga ce ke buɗe ta a guje, ƙaho biyu su biyo baya, sannan wata murya mai ɗan kaushi ta shigo tana roƙon wata mace cikin Turanci kada ta hau jirgi. Tun 1987, tun kafin su buɗe nasu, da ita yake rufe duk taron da ya saka faifai. Mutane suna tasowa daga garuruwan Stoke da Blackburn saboda ita. Akwai wani tsohon Bature mai gyaran famfo, Keith, wanda ya san faya-fayan Detroit kamar yunwar cikinsa, ya shekara talatin yana neman bayanin Clyde Benning. Har wasiƙu ya rubuta Amurka. Duk wata sai ya jingina da teburin Gimba ya ce, "Wata rana zan kama ka." Gimba ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu.

Babu wani Clyde Benning a duniya. Muryar ta Abdussalam ce, yayan Gimba uwa ɗaya uba ɗaya. A 1971 shi da abokansa biyar suna kiɗa a wani otal a Kaduna, suka lallaɓa Legas suka buga waƙar, ba ta je ko'ina ba. Daga baya Abdussalam ya ajiye waƙa gaba ɗaya, ya kama ɗinki a Tudun Wada, ya zama ladanin masallacin layinsu. Da Gimba ya je gida a 1985, yayan nasa ya jawo shi ɗaki ya zaro faifan daga ƙasan akwati, a naɗe cikin tsohon zane.

"Sauran da suka zo hannuna duk na ƙona," ya ce. "Wannan hannuna ya kasa. Tafi da shi can inda ba a san ni ba. In kana so ka ji, ka ji. Amma kada sunana ya fita, Gimba. Ina da 'ya'ya."

Shekara ta zagayo Abdussalam ya rasu. Gimba ya ƙara shekara guda bai iya taɓa faifan ba, sai wata rana kewa ta ci ƙarfinsa ya liƙa masa takarda ya saka. Da ya ga Turawa ɗari biyu sun zubo fili gaba ɗaya suna tafi a daidai inda muryar ta ɗaga, sai ya sunkuya kamar yana neman wani abu a akwati, har hawayen suka tsaya. A ranar ya gaya wa Davou komai, a tashar bas, ana yayyafi. Bayan Davou bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Shekaru suka ja. Masu juyi a kan ƙafa ɗaya suka koma taka rawa a hankali, wasu suka zo da sanda, wasu aka daina ganinsu sai sanarwar jana'iza. Sai kuma ga yara sun fara shigowa, 'yan ashirin da wani abu, waɗanda suka ga rawar a waya suka koya a ɗakunansu. Da farko Gimba ya yi murna. Amma yaran ba su daɗe ba suka fara roƙon wani abu dabam. Suna son kiɗa mai sanyi na shekarun saba'in da tamanin, suna son disko, abin da a da in ka saka sai a watse a bar maka fili. Wata yarinya mai zobe a hanci ta taɓa tambayarsa ko yana da wani abu na Legas ko na Accra, wai shi ake yayi yanzu.

"Nan ba Legas ba ne," ya ce mata.

Davou ya ji. Da suna kwashe kaya ya ce, "Malam, zamani riga ne fa."

"To ni tawa ba ta yage ba."

"Jedidiah ya ce a wurinsa mutum ɗari huɗu ke zuwa. Duk irin wannan yake haɗa musu, na Amurka, na gida, tsoho da sabo."

Jedidiah ɗan Davou ne, a hannun Gimba ya koyi yadda ake ɗora allura a kan faifai. Yanzu ya haura talatin, yana zaune da matarsa a unguwar Erdington ta birnin Birmingham, yana da nasa taron a wani tsohon sito a unguwar Digbeth.

"Allah ya ƙara masa kasuwa," in ji Gimba. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

A watan Fabrairu aka kira Gimba aikin gwiwa. Likita ya ce sai ya yi wata uku bai hau matakala mai tsawo ba. Ana gobe zai shiga asibiti ya miƙa wa Davou makullin gidansa na Longsight, ya nuna masa akwatin.

"Har da na Yaya?" Davou ya tambaya.

"Saka musu. Kada su ce don na kwanta an hana su abinsu. In ka gama ka mayar da shi wurinsa."

Davou bai gaza ba wajen jinya. Duk bayan kwana biyu yana zuwa da lemo da gwaten acca da matarsa ta dafa, ya gyara masa matashi, ya tsawata masa a kan motsa ƙafa kamar yadda aka ce. Da Gimba ya fara takawa da sanda ya buɗe akwatinsa don ya ga 'ya'yansa, kamar yadda yake kiransu, sai ya tarar da gurbin faifan wayam. Ya buga waya.

"Yana wurina," in ji Davou. "Na ji yana ɗan ƙara, na kai a wanke shi. Kwantar da hankalinka."

Ya kuwa kwantar. Mutumin da kuka yi shekara arba'in da biyar tare, wanda ya shiga kabarin matarka da ƙafarsa ko da yake addininku ba ɗaya ba, in ya ce ka kwantar da hankali, me za ka yi?

Wata Talata da hantsi aka buga ƙofa. Keith ne. Bai taɓa zuwa gidan ba. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi, ya miƙo wayarsa. A cikin wayar ga wani babban zaure cike da yara, ga gangar nan da Gimba ya sani kamar bugun zuciyarsa, ga ƙahon. A bango, bayan Jedidiah da ke saka faifai, an haska wani hoto mai girman ƙofar gari: saurayi da tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa, ya riƙe makirufo. A ƙarƙashi an rubuta da manyan baƙaƙe, Abdussalam Tanko, Kaduna, 1971. Hoton nan guda ɗaya ne a duniya, kuma a liƙe yake a cikin murfin akwatin Gimba.

"Ɗan'uwanka ne?" Keith ya tambaya.

Gimba ya gyaɗa kai.

"Shekara talatin kana kallona ina rubuta wasiƙu. Na taɓa biyan wani mutum a Detroit ya shiga ɗakin ajiyar jaridu ya duba mini. Ka sani, na gaya maka, ka yi dariya." Ya karɓe wayarsa. "Ni ba ruwana da daga ina waƙar ta fito, Gimba. Wasu za su damu, sun ma fara zagi tun jiya. Ni waƙar ta yi mini. Abin da ya yi mini ciwo, rabin Birmingham sun riga ni sani."

Bayan fitarsa Gimba ya daɗe a tsaye a tsakar ɗaki, riƙe da sanda. Ya kira Davou sau uku ba a ɗauka ba. Sai ya kira 'yarsa Zuhra, wadda ke aure a Small Heath, can Birmingham, ya ce ta duba masa yaushe ne taron Jedidiah na gaba. Ta ce Asabar mai zuwa, daga ƙarfe uku na rana.

"Baba, lafiya? Muryarka wani iri."

"Lafiya lau. Ki tare ni a tasha."

Ranar Asabar ya sa doguwar riga da hula, abin da ba ya sawa wurin rawa, ya hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly. A tashar New Street ta Birmingham Zuhra ta ɗauke shi. Ta so su fara biyawa gida ya ci abinci ya ga jikokinsa, ya ce sai sun dawo. A mota ya gaya mata labarin a taƙaice, yana kallon gilashi. Ta ɗan juyo ta dube shi.

"Wato waƙar da kake saka mana muna yara, muna tsalle a kan kujera, Baffa ne?"

"Shi ne."

"Kuma Uncle Davou ya sani, ni ban sani ba."

Suka iso Digbeth. Ta samu wuri ta tsaya, ta ce za ta jira shi a mota.

Layin shiga ya zagaye kwana. Mai tsaron ƙofa ya dubi tsoho da sanda da hula ya buɗe masa ba tambaya. Ciki duhu ne duk da rana tana waje, ƙasa siminti, babu katako babu hoda. Kiɗan da ke tashi mai sanyi ne, na wasu mata masu amshi, yaran suna rausaya da kofuna a hannu. Baƙaƙe, farare, 'yan Asiya, har da wasu 'yan mata biyu masu ɗankwali. A wani teburi kusa da ƙofa ana sayar da riguna, a ƙirjin kowace riga fuskar Abdussalam.

A can ya hango Davou, a tsaye gefen dandamali, yana kaɗa kai. Davou ya juyo, idonsu ya haɗu. Kan ya daina kaɗawa.

Suka fita ta ƙofar baya, inda ake ajiye kwandunan shara. Davou ya fara magana tun ƙofar ba ta gama rufuwa ba.

"Malam, ka hau jirgi da wannan ƙafar? Da ka bari na zo..."

"Na kira ka sau uku."

"Ina neman yadda zan faɗa maka ne."

"To ga ni. Faɗa."

Davou ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Jedidiah ya zo Levenshulme a watan Maris, ya taya ni. Da na saka, sai ya ce, Baba, wannan gangar ba ta Amurka ba ce, ta gida ce. Kunnen yaran nan ba irin na su Keith ba ne. Ya matsa mini. Na ce ba zan yi wa ɗana ƙarya ba."

"Sai ka ɓare takardar."

"Da tururi aka cire ta, a hankali. Ko ƙwarzane babu."

"Hoton fa? Shi ma matsa maka aka yi? Da makullin da na ba ka ka shiga gidana, ina kwance ina jinyar ƙashin da aka yanka mini, ka buɗe akwatina ka ɗauki hoton mamaci. Washegari ka zo mini da gwate."

Davou ya mayar da tabarau. Muryarsa ta canza, ta yi ƙarfi. "To bari in faɗa maka abin da na shekara talatin ina haɗiyewa. Mutumin nan ya yi waƙar da ta fi rabin abin da ke akwatinka, ka binne shi a ƙarƙashin sunan wani Ba'amurken da ba a haifa ba. Duk wata ina tsaye ina kallon Turawa suna tafa wa Detroit, alhali Kaduna ce. Ka ce alkawari. Da alkawarin kake tsoro, da ba ka saka shi a gaban mutum ɗari biyu ba tun farko. Abin da kake tsoro shi ne su Keith su ce ka kawo musu kiɗan Afirka. Ka ci moriyar muryarsa, sunansa ne kawai ka hana."

Maganar ta shiga, don akwai gaskiya a gefenta, kuma Gimba ya san da haka. Ya dogara da sandarsa sosai.

"Ko da duk abin da ka faɗa haka ne," ya ce a hankali, "ni za ka zo ka faɗa wa. Ka zage ni, mu yi faɗa, ka yi fushi ka daina zuwa. Yayana ne, Davou. Ni ya damƙa wa, a ɗakinsa, ya ce yana da 'ya'ya. Kai a tashar bas na ba ka ajiya. Ba naka ba ne da za ka yi kyauta da shi."

"Mutum talatin ke zuwa Levenshulme yanzu. Talatin! Rabinsu a zaune. In muka mutu, a kwandon shara irin wannan za a zuba akwatinka, da shi da takardar. A nan kuwa dubi..." Ya nuna bango, inda kiɗa ke fitowa. Sai ya sauke hannu. "Ni ma zan dawo nan da zama. Mun sa gida a kasuwa. Na gaya wa masu zauren can cewa daga Disamba ba za mu sake ba."

"Ba za mu sake ba. Da wa ka yi shawara?"

Kafin Davou ya amsa ƙofa ta buɗe, Jedidiah ya fito da gumi a goshi, fuskarsa cike da fara'a. Ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya kama hannun Gimba da hannu biyu.

"Uncle! Sannu da zuwa! Yaya ƙafa?" Iyakar Hausarsa ke nan, ya juya zuwa Turancinsa na Birmingham. Ya ce bai san zai zo ba, da ya aika mota. Ya ce ƙarfe shida za su saka waƙar, yana roƙon Uncle ya hau dandamali ya faɗi kalma biyu a kan ɗan'uwansa, yaran za su haukace. Ya ce wani kamfani a London yana so ya sake buga ta. "Na gode da ka yarda, Uncle. Da Baba ya ce ka ce mu buɗe sunan, wallahi sai da na yi kuka."

Gimba ya dubi Davou. Davou yana kallon ƙasa, inda ruwan sama ya taru a wani rami.

Kalma ɗaya ta isa ta tsaga uba da ɗa a wurin, kuma tana kan harshen Gimba. Ya dubi yaron da ya taɓa ɗorawa a kan kwalin lemo don hannunsa ya kai teburi. Ya haɗiye ta.

"Ɗauko mini faifaina," ya ce.

Fara'ar Jedidiah ta tsaya. Ya dubi ubansa, ya dubi Gimba, ya sake duban ubansa, a wannan karon ya daɗe. Ya juya ya shiga ciki. Da ya dawo da faifan cikin sabuwar farar jaka, hannu biyu ya miƙa, bai iya ɗaga ido ba. Gimba ya zaro shi ya duba. Tambarin ja ne da ruwan ɗorawa, ya manta da haka. Sunan yana nan da ƙananan baƙaƙe.

"Uncle, mun riga mun kwafa," Jedidiah ya ce da ƙaramar murya. "Yana ko'ina a intanet. Ba zan iya dawo da shi ba. Amma in ka ce kada in saka yau, ba zan saka ba."

"Taronka ne," in ji Gimba. Ya bi ta lungu ya zagaya zuwa titi, bai sake bi ta cikin zauren ba. Davou ya kira shi sau ɗaya, "Malam," bai juya ba.

Ya kwana biyu a Small Heath. Jikokinsa suka yi ta hawa jikinsa, surukinsa ya kai shi masallaci a kan Coventry Road, Zuhra ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai da za ta mayar da shi tasha ta ce, "Baba, na saurara jiya a kicin. Muryarsa irin taka ce in kana faɗa." Ya ce haka mutane ke cewa.

Kwana tara bayan nan waya ta shigo daga Kaduna. Yaya Jamilatu ce, matar marigayi Abdussalam, ta haura saba'in. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, yara, sanyi, ƙafa. Sannan ta sauke murya.

"Baban Zuhra, wani abu ne ke yawo a wayoyin unguwa. Yara suna tura wa juna, wai ga Malam Ladan yana waƙar Turawa. Ɗanmu Usama ya kusa yin dambe a bakin masallaci. Ya ce in tambaye ka, shi ba zai iya magana da kai ba yanzu."

"Ina jin ki, Yaya."

"Ni dai na sa jikata ta kunna mini, na kulle ƙofa. Ban taɓa sanin ya iya haka ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ko a banɗaki ban ji ya yi waƙa ba." Muryarta ta karye, ta gyara. "Na ji ta ya fi sau goma. Amma ya gaya mini ya ba ka wani abu ajiya, ya ce a wurinka ba ya fargaba. Kai ka fitar?"

Gimba ya buɗe baki zai ce wani aboki ne. Sai ya ji yadda maganar za ta sauka a Tudun Wada, da irin tambayar da za ta biyo baya a kan wane ne abokin, ɗan ina ne, wane addini. Ya kuma tuna wanda ya miƙa makulli da hannunsa.

"A hannuna ya fita, Yaya. Ku yafe ni."

"To," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta kashe.

Taron Levenshulme bai kai Disamba ba. Gimba ya hau matakalar shi kaɗai a watan Yuli, ya tura kujeru, ya barbaɗa hoda. Mutum goma sha tara suka zo. Wasu tsofaffin sun aiko cewa ba za su sake taka wurin wanda ya yi musu wasa da hankali ba. Keith ya zo, ya zauna a can baya, bai matso teburi ba. Da lokacin tashi ya yi, wata mata ta ɗaga murya ta ce a saka musu waccan, ko ta wace ƙasa ce. Gimba ya ce bai zo da ita ba, ya rufe da wata. A watan Satumba ya mayar wa masu zauren makullinsu.

Jedidiah ya cire hoton daga bango, ya daina sayar da rigunan, ya rubuto doguwar wasiƙar ban haƙuri da hannunsa, ya ce ya gaya wa kamfanin London su nemi iyalan mamacin, ba shi ba. Gimba ya amsa masa da layi uku, ya sa masa albarka. Waƙar dai ta ci gaba da tafiyarta. Zuhra ta ce ta ji ta a wani shagon shayi a Sparkbrook.

Davou ya tare a Erdington kafin Kirsimeti. Ya kira ranar da zai tashi, ya kira da ƙaramar Sallah, ya aiko da saƙo ta bakin Zuhra cewa ƙofarsa a buɗe take. Zuhra ta isar, ta ƙara da nata, cewa shekara arba'in da biyar ba wasa ba ne, kuma dukansu biyu ba yara ba ne.

"Na sani," in ji Gimba. "Ki ce masa na ji. Ki gaishe da matarsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da nake da shi yanzu."